Gogen Kakan Pompiliu

Duk ranar Alhamis, da zarar an gama cin abincin rana, Otilia takan yanka kek ɗin tuffa ta naɗe a tsumma mai tsabta, ta gangara shagon Sabin mai gyaran goge. Shekara talatin da takwas ta yi tana shafa wa goge man ƙyalli a wani ƙaramin wurin sassaƙa a nan garin Reghin, har idanunta suka fara gajiya ta ajiye aiki. Tare da Sabin suka yi aikin tun da ƙuruciyarsu, ita tana shafe shi yana ɗaura tsirkiya, kafin ya buɗe nasa shagon a bayan kasuwa. Ta ukunsu ita ce Zamfira, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya. Ita kam ba ta san kan goge daga gindinsa ba, amma Allah ya hore mata murya, in tana karatu sai ka rantse mai labarai ce a rediyo.

Abin da ke tara su shi ne tallace-tallacen kayan kiɗa da mutane ke sawa a shafin gwanjo na intanet. Ba su taɓa sayen ko tsinke ba. Dariya kawai suke zuwa sha.

A wannan Alhamis ɗin, Sabin ya ture gogunan mutane gefe, ya ɗora kofi a kan teburin aiki. Zamfira ta gyara tabarau, ta miƙa wayarta nesa da fuska, ta yi gyaran murya.

"To ku saurara. 'Ƙahon busa na tagulla, lafiyarsa ƙalau. Ya ɗan lotse, amma ta gefen da jama'a ba sa gani.'"

Sabin ya leƙa hoton. "Ɗan lotse? Wannan ai tarakta ce ta bi ta kansa, ta juyo ta sake bi don ta tabbatar."

"Ga wani. 'Akodiyon mai zugazugi, na mahaifina. Muryarsa tana nan yadda take, sai dai yakan ja numfashi kafin ya fara.'"

"Ciwon ƙirji gare shi," in ji Otilia. "Asibiti ya kamata a kai shi, ba kasuwa ba."

"'Jita, sau biyu kacal aka taɓa kaɗa ta. Wuyanta ya rabu da jikinta, amma rabuwar arziki suka yi, duka biyun suna nan.'"

Sabin ya ƙware da kofi, sai da Otilia ta bubbuga masa baya. Zamfira ba ta saurara musu ba. Ta karanta na wani mai fiyano da ya ce kyauta zai bayar ga duk wanda zai iya sauko da shi daga hawa na huɗu, don su ma ba su san yadda aka yi ya hau ba, kuma kyanwar da ke cikin hoton ba ta cikin ciniki. Daga nan ta ɗaga yatsa.

"Yauwa. Ga babban yaya ya iso. 'Goge na gado, mai tsohon tarihi. An same shi a saman rufin gidan kakana, naɗe cikin bargon soja. Masana sun ce ya haura shekara ɗari uku. Ni ban ce shahararren masassaƙin nan Stradivari ne ya sassaƙa shi ba, amma kuma ban ce ba shi ba ne. Takardar sunan da ke ciki ɓera ya cinye. Masu wasa kada su taya.' Mai tallar ya sa wa kansa suna Magajin Kaka."

"Na huɗu ke nan a watan nan," in ji Sabin. "Ɓerayen ƙasar nan ilimi gare su. Ba sa cin kowace takarda sai ta Stradivari."

"Miƙo in ga fuskar tsohon," in ji Otilia.

Ta karɓi wayar tana dariya. Gogen yana kwance a kan wata shimfiɗar tebur mai shuɗayen furanni. A kusurwar shimfiɗar akwai tabon ƙunar dutsen guga. Nan take dariyar ta ɗauke. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton. Can baya akwai kabad mai gilashi, a cikin gilashin kuma ga inuwar wani mutum sanye da singileti, tumbinsa a gaba, ya riƙe waya da hannu biyu, ya ɗan fito da harshe irin na mai zare allura.

"Zamfira," ta ce a hankali, "wannan teburina ne."

"Teburinki kamar yaya?"

"Teburina. Kabad ɗina. Wancan tumbin kuma nawa ne, shekara arba'in da uku ina ciyar da shi."

Suka haɗa kai su uku a kan wayar. Babu ko tantama, Pompiliu ne, mijin Otilia, tsohon direban bas, wanda da safiyar ranar ya ce mata yini zai yi yana gyaran rufin akurkin kaji. Sabin ya sulale daga kan kujera ya zauna a ƙasa cikin ɓawon katako, yana dariyar da ba ta da sauti. Zamfira ta cire tabarau tana share hawaye.

Gogen ma Otilia ta gane shi. Shi ne na farko da aka taɓa ba ta ta shafa, tana 'yar shekara goma sha tara. Hannunta ya yi rawa, man ya zuba ya ja wani dogon layi a bayansa kamar sawun dodon koɗi. Maigidan shagon ya duba ya ce wannan ba ya sayuwa, ta tafi da shi gida ta riƙa kallo duk ranar da ta ji gaggawa na cin ta. Tun daga lokacin yake saman wadrob. Ko sau ɗaya ba a taɓa goga shi ba.

"Tashi ki je ki ja kunnensa," in ji Zamfira.

"Kunnen nan ya saba da ja, ba ya ji." Otilia ta gutsiri kek ta tauna tana tunani. "Sabin, kana da hanyar rubuta tambaya a shafin nan, ko?"

Yana da ita. Nan take suka haifi wani mutum, Dokta Lindner, attajiri mai tara tsofaffin goguna a birnin Vienna. Zamfira ta tsara kalmomin, Sabin ya buga da yatsa ɗaya: "Ya mai girma, wane masani ne ya duba gogen? Kuma wannan layin da ke bayansa, na mene ne?"

Ko kofinsu bai huce ba amsa ta faɗo. Zamfira ta miƙe tsaye ta karanta, hannu a ƙirji.

"'Ya mai girma Dokta, masanin ya riga mu gidan gaskiya. Layin kuwa hawayen wata 'yar sarauta ne. Ta ji kakana yana kiɗa a wani biki, ta kasa daurewa, hawayenta ya ɗiga a bayan gogen. Mun bar shi haka don girmamawa.'"

"Kakansa!" Otilia ta tafa hannu. "Kakansa makiyayin tumaki ne, ko fito bai iya ba. Karnuka ne ke tara masa tumakin don tausayi."

Da yamma ta koma gida ta tarar da rufin akurkin yadda ta bar shi, Pompiliu kuma yana jera faranti a tebur yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ta zuba masa miyar wake da tuwon masara. Ya ci loma uku, sai ya ce, kamar abin bai dame shi ba:

"Tili, garin nan na Italiya da ake sassaƙa goguna, yaya ma sunansa?"

"Cremona. Me ya faru?"

"A'a, ba komai. A rediyo na ji."

"Rufin fa?"

"Ƙusa ce babu irin wadda nake so."

Ta sunkuyar da kai a kan kwanonta don kada ya ga bakinta.

Haka aka shiga mako. Ba su jira Alhamis ba, kullum da hantsi sai Otilia ta ce za ta kasuwa, ta zarce shagon Sabin. Dokta Lindner ya tambayi yadda gogen ya tsira daga yaƙi, aka amsa masa cewa a cikin tulun cuku aka binne shi shekara huɗu, shi ya sa muryarsa take da maiƙo. Ya tambayi ko kakan ya bar wani abin tunawa, aka ba shi labarin wata rana da kakan ke dawowa daga biki ta cikin daji, wata ƙatuwar dabbar beyar ta tare masa hanya. Ya ciro goge ya fara kiɗa, dabbar ta zauna a kan duwawunta ta ɗora haɓa a hannu. "Sauran labarin," in ji Magajin Kaka, "ba ya rubutuwa, sai baki da baki." Duk wannan tambaya da amsa a ƙarƙashin tallar suke fitowa, kowa na iya karantawa, amma su ukun ba su kawo komai a ransu ba.

Abin da Otilia ba ta faɗa wa abokan nata ba shi ne yadda mijin ya canza. Tun da ya bar tuƙi shekara huɗu da suka wuce, Pompiliu ya zama mutum mai zama a bakin taga yana ƙirga motocin da ke wucewa. Sai ga shi a makon nan yana aske gemu kowace safiya. Ranar Litinin har ɗakin karatu na gari ya je, ya dawo da wani ƙaton littafi a hammata, ya ɓoye a ƙarƙashin buhun abincin kaji. Takan tsaya a ƙofar kicin ta hango shi a lambu, waya a hannu, yana murmushi shi kaɗai, leɓɓansa suna motsi yana gwada jimla. Rabonta da ganin fuskar nan tun yana zaune a bayan sitiyari.

Ranar Talata wasan ya canza launi. Ta shiga shago ta tarar da Sabin da Zamfira sun yi jugum.

"An taya," in ji Sabin.

"Wa ya taya?"

"Ba mu ba. Wata ce, Sidonia. Kuɗi lei ɗari uku, daidai farashin da ya fara sawa."

Otilia ta nemi kujera ta zauna. Ta hango wata baiwar Allah a wani ƙauye, ta karanta hawayen 'yar sarauta ta gaskata, ta ɗauko abin da ta daɗe tana tarawa.

"Sai mu fi ta tayi, mu cece ta," in ji Zamfira, kafin wani ya yi magana har ta danna maɓallin tayi a waya. Ba a yi minti goma ba Sidonia ta ƙara. Zamfira ta sake dannawa, jininta ya hau, kumatunta suka yi ja. Sidonia ta sake ƙarawa, ya kai ɗari biyar. Sabin ya fizge wayar ya jefa a aljihun rigar aikinsa.

"Ke, ceton nata kike yi ko yanka ta? Kowane dannawa tsada kike ƙara mata!"

"Ni dai ba na son a kayar da ni," in ji Zamfira.

Ranar Alhamis da tsakar rana gwanjon ya rufe. Sidonia ta ci. Ta rubuto cewa ba sai an aiko ta gidan waya ba, da kanta za ta zo ranar Asabar a bas ɗin ƙarfe goma sha ɗaya.

A ranar Pompiliu bai yi waƙa ba. Abincin yamma ma juya cokali kawai ya yi ta yi. Otilia ta ƙyale shi. Washegari da safe tana ɗaure tumatir a jikin sanduna, ta ji takunsa a bayanta. Ya tsaya, ya yi tari, ya cire hula ya mayar.

"Tili."

"Na'am."

"Kin san gogen nan na saman wadrob?"

"Wanne? Mai shekara ɗari uku?"

Otilia ba ta juyo ba. Ta ƙarasa ƙullin da take yi, sannan ta juyo. Bakinsa a buɗe yake.

"Dokta Lindner yana gaishe ka," ta ce. "Ya ce a tambaye ka yaya rufin akurki."

Pompiliu ya laluba bayansa, ya sami bokiti a kife, ya zauna a kai.

"Ke ce?"

"Mu ne."

"Ku nawa?"

"Uku."

"Har da Sabin?"

"Shi ke buga 'ya mai girma.'"

"Wayyo ni! Ɗakin karatu fa na je saboda mutumin nan! Gemu na riƙa askewa saboda shi!"

"Ta waya yake ganin gemun naka?"

"Mutum ai yakan ji a jikinsa in yana magana da babban mutum!" Ya dafe kai. "To ta yaya kika gane?"

"Tsoho, in za ka ɗauki hoto a gaban gilashi, ka riƙa sa riga."

Ya ɗago ya dube ta, ta dube shi. Kafaɗunsa ne suka fara rawa. Dariyar ta taso masa tun daga tumbi, har bokitin ya goce ya zube a cikin kunyar albasa, yana kwance yana yi. Ita ma ta riƙe sandar tumatir don kada ta faɗi. Kaji suka watse.

Da suka lafa, ta miƙa masa hannu ya tashi zaune.

"To me ya kai ka, Pompi?"

Ya karkaɗe ƙasa daga gwiwarsa. Ya ce barguna ya je ajiyewa a saman wadrob ya gan shi, ƙura ta rufe shi. Ya ga ba ta taɓa ko kallon wajen ba, sai ya ɗauka haushinsa take ji. Niyyarsa ya rubuta "tsohon goge" kawai ya sa kuɗi.

"Amma wurin rubutun nan, Tili, fili ne fetal, fari tas, yana kallona. Na sa layi ɗaya, hannuna ya ƙi tsayawa. A mota mutum arba'in ne a bayana kullum, ba inda za su gudu, sai sun ji labarina har tasha. Yanzu wa ke saurarona? Kaji. Su ma sai in da hatsi a hannuna."

Otilia ta sunkuya kan tumatir. Ta tsinke wani busasshen ganye ta murje shi.

"Gogen nawa ne. Da ka tambaye ni."

"Na yi laifi."

"Ka yi. Amma gaskiyarka, ban taɓa son ganinsa ba. In matar tana so ta ɗauka. Sai dai tun daga bakin ƙofa za ka faɗa mata gaskiya, kafin ta zauna. Babu kaka, babu cuku, babu 'yar sarauta."

"Beyar ɗin fa?"

"Pompiliu."

"To, to. Na ji."

Ranar Asabar ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci tun ƙarfe tara. Sabin ya rufe shago ya zo da jakar kayan aikinsa, wai ko da za a buƙaci shaida. Zamfira ba wanda ya gayyace ta, amma ta riga kowa zuwa, ta kama kujera mai kallon ƙofa.

Sha ɗaya da rabi aka ƙwanƙwasa ƙyauren waje. Wata mace ce doguwa kakkaura, za ta yi shekara hamsin, da jan ɗankwali a wuya da jaka a kowane hannu. Pompiliu ya buɗe, ya tsaya a tsakiyar hanya ya cire hula, ya fara abin da ya yi ta maimaitawa tun safe.

"Malama Sidonia, kafin ki shigo, akwai magana. Gogen nan ba shi da shekara ɗari uku. A garin nan aka yi shi, shekara arba'in da shida da suka wuce. Kakana bai taɓa riƙe goge ba. Layin da ke bayansa kuma ba hawaye ba ne, hannun matata ne ya yi rawa. Duk abin da na rubuta ƙarya ne. In kin fasa, ni zan biya miki kuɗin mota."

Matar ta ajiye jakunkunanta a ƙasa. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai ne Magajin Kaka? Na ɗauka ka fi haka tsawo." Sai ta fashe da wata irin dariya da ta sa karen maƙwabta haushi. "Haba, Baba! Shekara ashirin da shida ina koyar da kiɗa a makarantar ƙauyenmu. Tun hoton farko na san ɗan garin nan ne. Goge nake nema mai araha wanda katakonsa ya daɗe ya bushe, na ga wannan na ce ya yi. Amma labaran nan naka! Kullum da safe a ɗakin malamai sai an karanta ka kafin a shiga aji. Ranar tulun cuku shugabar makaranta sai da ta fita waje ta sha iska."

Pompiliu ya juya ya dubi Otilia, ya sake juyowa.

"Mutum nawa ne a ɗakin malaman?"

"Goma sha ɗaya, da mai shara." Ta buɗe jaka ta ciro kwalbar zuma da ƙullin cuku. "Wannan daga malamin lissafi. Ya ce kada in kuskura in dawo ban ji yadda aka ƙare da beyar ba. Shi kuma wancan Dokta na Vienna, kowa ya ce ko dai wawa ne ko kuma ya fi ka iya shiri."

"Ga Doktan nan," in ji Otilia, ta nuna kanta da Sabin da Zamfira. "Kashi uku ne."

Sai da Sidonia ta jingina da ƙyaure.

Aka shiga ciki, aka ɗora gogen a tebur. Nan wasa ya koma gefe. Sidonia ta juya shi, ta ƙwanƙwasa bayansa da ƙashin yatsa ta kara kunne, ta leƙa cikinsa ta ramin gefe. Sabin ya buɗe jakarsa ba tare da an roƙe shi ba. Ya miƙar da ɗan guntun katakon da ke tsaye a cikin cikin gogen, wanda ya daɗe da karkacewa, ya cire tsofaffin tsirkiyoyin da suka yi tsatsa ya ɗaura sababbi. Otilia ta ce a koma kan tayin farko, don ƙarin da aka samu aikin Zamfira ne. Zamfira ta ce ita taimako ta yi niyya. Sidonia ta ce a raba bambancin, rabi ya tafi kuɗin tsirkiya, aka tafa a kan haka.

"Inna Otilia," in ji Sidonia, tana bin layin bayan da yatsa, "da gaske ke kika yi wannan?"

"Ni ce. Maigida yana tsaye a kaina yana numfashi, ni kuma ban karya kumallo ba."

"Sauran wurin fa duba. Ko yau aka shafa sai haka. Yarana za su so layin nan, kowa zai gane shi in an jera goguna."

Ta ciro bakan gogenta daga jaka, ta saita tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta saƙale gogen a ƙarƙashin haɓa. Jan farko ya fito a shaƙe, kamar wanda aka tasa daga barci. Ta sake ja, ta ƙara, ta yi ta hawa da sauka. A hankali muryar ta buɗe. Ba wata murya ba ce ta ban mamaki, amma tana da kauri da ɗumi, ta cika kicin ɗin har kofuna na amsawa a cikin kabad.

Otilia ta zauna. Dubban goguna sun bi ta hannunta sun tafi ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, ba ta ji kukan ko ɗaya daga cikinsu a gidanta ba. Wannan da ta ɗauka ta kashe tun tana yarinya, ga shi yana magana. Ta ja gefen rigar girkinta ta share ido. Pompiliu ya matso ya dafa kafaɗarta, ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa, ya rufe.

Sidonia ta kashe musu ido, ta buga ƙafa sau biyu, ta juya kiɗan zuwa na rawar biki. Zamfira ce ta fara miƙewa, ta fizgo Sabin da kayan aikinsa a hannu. Kicin ya yi musu kaɗan, aka fita tsakar gida. Pompiliu ya jefar da kwat a kan igiyar shanya, ya kama Otilia a kugu, ya juya ta kamar yadda yake juya babbar mota a kwana, a hankali da faɗi. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan shinge da ludayi a hannu ta tambaya ko wani ne ya yi aure. Aka ce mata ta shigo kawai, ta shigo da ludayinta.

Sai wajen ƙarfe biyu aka zauna cin abinci. Otilia ta sauke tukunyar naɗin kabeji da nama, aka yanka cukun malamin lissafi. A nan ne, da izinin matarsa, Pompiliu ya ƙarasa labarin beyar. Ya miƙe tsaye, ya yi kakan, ya yi dabbar, ya yi har itatuwan dajin. A ƙarshe dai dabbar ce ta raka kakan har ƙofar gida, kuma shekara bakwai tana zuwa kowane biki ta tsaya daga bayan katanga, ba ta taɓa cin tunkiyar kowa ba sai ta wani mutum da ya yi surutu ana kiɗa. Sidonia ta ɗauki muryarsa a wayarta don mutanen ɗakin malamai. Bas ɗin ƙarfe huɗu ya wuce ba wanda ya lura. A na ƙarfe shida suka sa ta, gogen a kan cinyarta cikin tsohuwar rigar matashin kai, duk su huɗun suna ɗaga mata hannu a tasha.

Washegari Lahadi ƙararrawar coci ta yi ta bugawa, ba wanda ya motsa a gidan. Gwiwoyin Otilia sun ƙi lanƙwasuwa, Pompiliu kuma bayansa ya riƙe, sai da ya mirgina gefe ya dafa kujera kafin ya sauko daga gado. Da rarrafe da dafa bango suka kai kicin, ya dafa musu kofi a tsaye a karkace. Wajen sha biyu Zamfira ta bugo waya ta ce limamin coci ya tambaye su, ita kuma ta ce masa suna fama da ciwon tsufa.

"Ke da kika fi kowa tsalle, yaya aka yi kika iya zuwa?" in ji Otilia.

"Wa ya ce miki da ƙafata na je? Sabin ne ya tura ni a baron maƙwabcinsa har bakin ƙofa."

"Ƙarya kike yi."

"Ƙarya nake yi," in ji Zamfira. "A tasi na je. Amma a zaune na yi addu'ar duka."